Giɓi a Waƙar Baba

Kebbe, 3 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Zubairu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aikin makaranta, ina Rauda da yara? Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, mun yi shuka.

Ka buɗe takardar a hankali, akwai memorin waya naɗe a leda a cikinta. Albam ɗin Baba ne. E, Babanmu! Shekara arba'in yana yi wa manoma waƙa a gonar gayya, sai bana wani mai situdiyo ya ɗauke shi waƙa shida, shi da gangarsa. Da anka kunna mai, kuka ya yi, ya ce tusa masa hayaƙi anka yi a ido.

Kowa ya sani kai ke zaɓen albam biyar da sunka fi na rabin shekara, Kamilu mai turin waƙa na tashar Tambuwal ya zuba su a wayoyin 'yan kabu-kabu, da muryarka a gaba kana bayani. Baba bai ce in roƙe ka ba. Cewa ya yi kawai, "Aika ma na Tambuwal shi saurara." Amma tun jiya ya tambaye ni sau uku ko direba ya tashi. Ka saurari ta ƙarshe da kyau.

Ka gaida mutan gida.
Ƙanwarka, Hinde

*

Tambuwal, 10 ga Yuni

Hinde,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fata ku ma haka.

Na saurara. Albam goma sha bakwai aka kawo mini bana, na yaran Sakkwato da na Kano, masu fiyano da sauti tas. A tsakiyarsu kike so in sa tsoho yana haki, akuya na kuka a bayansa?

Ta ƙarshen da kika ce, na ji ta sau biyu. Ya ambaci ƙanena Haliru, ya ambace ki, ya ambaci ƙanwata Batula, ya ambaci Tambaya mai fura, har san nomansa ya kira da suna. Ni ban ji kaina ba. Kada ki ce mini kunyar ɗan fari, na gaji da ita. Shekarata talatin da takwas, ban taɓa jin sunana a bakin mutumin nan ba. Ina ƙarami "kai", na girma "na Tambuwal". Ranar da na karɓo takardar koyarwa, san nomansa ya kalla ya ce ya yi ƙiba.

Ga shi ma ya manta baiti. Kafin ya fara jero sunaye ya yi tsit, ganga na ta tafiya ita kaɗai kusan rabin minti. Ki ce masa zai ji kansa a wayoyi, na yi alkawari.

Wassalam.
Zubairu

*

Kebbe, 24 ga Yuni

Yaya,

Sallama, don ita wajibi ce. Gaisuwar ta tsaya nan.

Alkawarinka ya iso ranar kasuwa. Na gaya wa Baba saƙonka yadda ka faɗa, ni wawuya, ya sa sabuwar riga ya zauna rumfar Aminullahi mai shayi yana jira. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ya ƙure sauti. Munka ji na ɗaya har na biyar, babu shi. Sai muryarka ta ce bana ka ƙara sabon abu, albam ɗin da ya fi kowane lalacewa. Ka yanko wurin da ya yi shiru, ka maimaita sau uku, kana ƙirga daƙiƙa kana dariya. Ka ce, "Tsoho ya tafi neman baiti a rumbu, ku jira shi."

Rumfa ta kwashe da dariya, amma ta matasa ce. Dattawan da ke wurin babu wanda ya ɗaga kai. Yanzu ko gaisuwa Baba ya tsaya yi, sai wani ya ce, "Ku jira shi." Masu gayyar garin Jabo da sunka kira shi, sun aiko cewa sun samu mai sifika.

Ka san me ya ce a hanyar gida? "Muryatai ta yi kyau cikin waya." Taka yake nufi.

Allah ya isa ban ce ba, don kai yayana ne. Amma na kusa.

Hinde

*

Tambuwal, 28 ga Yuni

Hinde,

Bayan gaisuwa. Ki rage zafi, aikina na yi. Wanda ya kai waƙa kasuwa ya yarda a taya ta, ko uban wa ne. Da na ɗaga masa ƙafa, gobe wa zai yarda da zaɓena? Ban ma faɗi sunansa ba, "wani tsoho daga Kebbe" na ce. Ashe rashin faɗin suna yana da ciwo? To, ya ɗanɗana na kwana huɗu.

Kuma ki duba da kyau, na yi masa talla. Kamilu ya ce ba a taɓa neman yanki ɗaya kamar wannan ba, har daga Dogon Daji ana zuwa a tura. Shekara arba'in yana kiɗa ba a san shi a ƙetaren Kebbe ba, ni na fitar da shi a mako guda.

Idan Sallah ta zo zan kawo masa shadda. Ki gaishe shi in ya ga dama.

Zubairu

*

Kebbe, 5 ga Yuli

Yaya Zubairu,

Assalamu alaikum.

Baba bai manta baiti ba. Wurin nan naka ne. Ya gaya wa mai situdiyo tun kafin a ɗauka: "Nan na babban yaro na, baki ba shi iya hwaɗi nai, ganga ta kira shi." Ya ba ka rabin minti, mu kowa kalma biyu. Duk dattijon Kebbe ya gane tun jin farko, shi ya sa ba su yi dariya ba. Na ce ka saurara da kyau.

Shekaranjiya ya koma situdiyo ya sa an yanke wurin. Ga sabon memori. Yanzu waƙar ba ta da aibu, daga amshi sai Haliru.

Jiya Aminullahi ya tambaye shi wa ya yi muryar nan ta waya. Baba ya kurɓi shayi, ya ce a gaban kowa, "Wani malamin makaranta na, can Tambuwal. Zubairu sunanshi."

Ka daɗe kana son ya faɗa. Ya faɗa. Kada ka wahala da shaddar.

Ka huta lafiya.
Hinde