Gara Ka Zauna Can, Baba

3 ga Afrilu

'Yata,

Bayan gaisuwa, ina fata ke da maigidanki da yarinyar kuna lafiya. Saƙonki ya iso: wai an ba jikata aikin gida a kan kalmar *rather*, Kaka tsohon malamin Turanci ya taimaka. Ke da kika fi kowa iya aiki da ita?

Ki gaya mata kalmar zaɓi ce. Abu biyu a gabanka, ka ɗauki ɗaya ka ture ɗaya, kamar mu ce gara ko gwamma. Ga misali. Bayan rasuwar mahaifiyarki na tambaye ki a waya ko in tattara littattafaina in dawo wurinku. Da Hausa na yi tambayar. Kika ce, "I'd rather you stayed there, Baba." Wato gara in zauna can. Nahawu daidai, babu gyara. Tun ranar ban sake roƙon kowa wurin kwana ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

19 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ashe abin da ka riƙe ke nan, shekara da shekaru ina kira kana cewa "lafiya lau" ka kashe waya.

Lokacin an sallami maigidana daga aiki. Ɗaki ɗaya muke a bayan shagon mai gyaran taya, ga tsohon ciki, katifa a ƙasa. Ina zan sa ka, kai da ko wandon barci sai an goge maka? Kunya ta hana ni faɗa. Na gudu cikin Turanci ne don da Hausa bakina ba zai iya ce maka a'a ba. Kuma kai ka hana mu Hausa a teburin cin abinci, Malam.

Yanzu akwai ɗaki, tagarsa na kallon titi. Ka zo ka ga jikarka, goshinka ta kwaso kaf. Wai me ya sami rubutunka? Duk ya karkace.

'Yarka mai neman gafara

2 ga Mayu

'Yata,

Na ji, na kuma yafe. Na gaji da riƙon ma.

Na manta ban ba yarinyar asalin kalmar ba. A tsohon Turanci ba zaɓi take nufi ba, "da wuri" take nufi. Abin da mutum zai fi saurin yi, shi ya zama abin da ya fi so. Da wuri ya kamata ki faɗa, da wuri ya kamata in tambaya.

Zan zo idan kin turo wanda zai riƙe mini hannu. Ki bar wa yarinyar ɗakin mai taga. Rubutun na tela maƙwabcina ne, ina faɗa masa harafi harafi. Goshin kuwa sai dai in shafa. Idona ya tafi tun bara.

Ku huta lafiya.
Mahaifinki