Taram ɗin Baba ba a Indiya yake ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifi, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hadiza, daga Barking, nan ƙasar Turawa. Baba, kaina ya ɗaure, kuma kai ka ɗaure shi.

Ka tuna wasanmu a tsakar gida a Kano? Ka durƙusa, in haye bayanka, ka ce yanzu kai ne taram, ƙaramin jirgin ƙasan nan mai ratsa tsakiyar titi, wanda ka riƙa hawa lokacin da kake karatun haɗa magunguna a ƙasar waje. Kana rarrafe kana kiran tasha: "Sadar! Bolton Maket! Kiyamari! Mai sauka ya sauka!"

A asibiti ka riƙe hannuna ka ce in Allah ya ba ni ɗa, in kai shi ya hau jirgin nan. Na ce to. Ban tambaye ka garin ba, don kowa a gidanmu ya san Malam a Indiya ya yi karatu.

Jikarka Amira ta isa hawa yanzu. Na bincika, aka ce na Bombay da na Madras an daɗe da tumɓuke su, saura na Kalkata, wanda da dawakai aka fara jan sa, shi ma yana gargara. Nan da nan na yi booking ɗin tikitin tafiya can, kada a rufe shi ban cika alkawari ba.

To ran Asabar ina rarrafe a filin da ke bayan gidanmu, Amira a bayana, ina kiran tashoshinka. Sai maƙwabcinmu Kawu Rashid, wani tsoho ɗan Pakistan, ya leƙo ta kan shinge, ido jawur. Wai a ina na san unguwannin garinsu? Wai wannan Karachi ce, Baba! Kuma an cire layin tun shekarun saba'in, ko ƙarfen bai rage ba.

Na yi masa gardama har na ji kunya. Sai ya tambaya ko ka taɓa zancen wayar lantarki a saman jirgin. Ba ka taɓa ba. Kullum warin mai da hayaƙi kake faɗa, wanda ke kama maka riga. Ya ce nasu ke nan, na Kalkata da lantarki yake tafiya.

Na kira Inna. Ka san abin da ta ce? "Yo ba duk Indiya ba ce?" Haba Baba! Ita na yafe mata, mu Hausawa duk mai cin yaji yana sa rawani ɗan Indiya ne a wurinmu. Amma kai da ka zauna can, me ya hana ka gyara mana ko sau ɗaya? Ko gajiya ka yi da gyarawa tun kafin a haife ni? Kuma ka san an rufe shi sa'ad da ka sa ni alkawarin, ko kai ma ba ka sani ba?

Yanzu ina zan kai ta? Kalkata akwai jirgi, amma ba ka taɓa taka ta ba. Karachi ka taka, amma babu jirgi. Ban yi cancel ɗin tikitin ba, ban kuma haɗa kaya ba. Wallahi ban san wanne ne cika alkawari ba, kuma tsoro nake ji in zaɓi wanda ba shi kake nufi ba.

Jiya muna cikin wasan sai Kawu Rashid ya shigo da kofin shayi da cokali, yana buga mana ƙararrawa. Ya cike tashoshin da kake tsallakewa. Amira, wadda sai da Turanci take ba ni amsa, ta ja min ɗankwali ta ce, "Mai sauka ya sauka!" Da muryarka ta faɗa, Baba. Gwiwoyina na ciwo, amma ban tsaya ba, don kada ta ga fuskata.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sauke mu tasha ɗaya da kai a Aljanna. In wannan taram ɗin na gadon bayana bai isa ba, ka yafe mini.

Ɗiyarka,
Hadiza