Za Mu Tsibiri, An Cika Mana Gida da Saƙon Damagaram

Hajiya Fatsima, don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni kafin ashirin ga watan nan na Afrilu, don bayan ranar ko kin ba ni shawara ba ta da sauran amfani. Ina gaishe ki, ina gaida masu karatu. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, a tsaye nake rubutun nan, na ɗora takardar a kan wani ƙaramin firigo na sanyaya abinci wanda ba namu ba, saboda babu wurin zama a gidana.

Mu mutanen Damagaram ne, muna zaune a Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon, a bene hawa na shida. Maigidana ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, a Disamban bara, 2011, ya yi ritaya. Ranar walimar sallama abokan aikinsa suka haɗa masa kyauta. Na sa rai da agogo ko tele ta kallo. Sai ga ambulan, a ciki takardar tafiya ta mutum biyu: kwana goma a jirgin ruwa, irin mai ƙyallen nan da iska ke turawa, a tashi daga Hyères a zagaya tsibirai, Porquerolles da Port-Cros har Corse, sannan a dawo Hyères ɗin dai. Wai an shirya ta ne don tsofaffi masu sauran ƙarfi. Sai da na sa 'yarmu Halimatou ta karanta mini takardar sau biyu, don na ɗauka Faransancina ne ya gaza. Bai gaza ba. Mu takwas ne da kapiten, mu za mu ja igiya, mu za mu dafa abinci, mu za mu wanke kwanuka, kuma kuɗi mai kauri aka biya don a ba mu damar yin wannan bauta. Kowa jaka ɗaya tak, mai laushi, ba a yarda da akwati ba.

Na ce wa Malam ko za a mayar musu a karɓi tele. Ko jina bai yi ba. Hajiya, mutumin nan an haife shi a wani ƙauye gabas da Tanut, inda sai an haɗa igiya uku kafin guga ya taɓa ruwa, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawunsa ba. Amma ya ce ai jan igiya gadonsa ne, Turawa su ne baƙi a harkar. Ya sayo igiya mita talatin da littafin koyon ƙulli. Ya ɗaure kujerun falo da juna, ya ɗaure buta da famfo, ya ɗaure ƙofar kicin da wani ƙulli da ya ce ja ɗaya ake yi masa ya warware, muka yi kwana biyu muna shiga ta ƙarƙashin igiya. Ya yi rajistar koyon iyo a unguwa, ajin da ya samu na tsofaffin Turawa mata ne, Talata da Alhamis, yana zuwa da hular roba ruwan ɗorawa. Yanzu yana iya ƙetare ruwan daga bango zuwa bango, ko da yake yana shanye kusan rabinsa a hanya. In muka shiga bas zuwa Lyon sai ya hana mu zama, ya hana mu riƙe ƙarfe, wai muna koya wa ƙafafunmu teku. Sau biyu ina faɗawa cinyar mutanen da ban sani ba. Ya je ya tambayi liman yadda ake fuskantar alƙibla a jirgin da ke juyawa da iska, liman ya ce a ba shi mako guda.

Na yi mita, ba zan ɓoye ba. Amma ga gaskiyar da ta sa nake kuka yanzu. Shekara talatin da takwas muna tare, ban taɓa ganin mutumin nan ya so wani abu don kansa ba. Albashi na gida ne, hutu na dangi ne, ko takalmi sai na yi faɗa yake saye. A watannin nan na ji shi yana 'yar waƙa a banɗaki. Ban san yana da murya ba.

To ga laifina. A watan Fabrairu na je Paris sayen atamfa da daddawa, na biya shagon Hajiya Rékia a Château Rouge, 'yar garinmu ce. Shagon cike da mata, suka hau tambayata me Malam zai yi da ritayarsa, Umara zai je ko gini zai fara a gida. Sai kunya ta kama ni. Kin san mu, tafiya tana da dalili: gaisuwar mutuwa, biki, fatauci, asibiti, Makka. Da wane baki zan ce ni da furfurata za a ɗora ni kan ruwa a zagaya da ni a dawo da ni inda aka ɗauke ni, ba wanda na gaisar, ba abin da na sayar? Sai na ce za mu yi tafiya ta jirgin ruwa, wajen kudu. Hajiya Rékia ta ce ta Kotonu ke nan za mu bi mu shiga gida. Na ce in sha Allahu. Wata ta tambaya ko jirgin babba ne, na ce ba laifi. Iyakar abin da na faɗa ke nan, wallahi.

Abin da ban tuna ba shi ne wane ne mijina. Tun zuwansa ƙasar nan bai taɓa mayar da saƙon mutum ba, har ana kiransa Malam Gidan Waya. Akwai shekarar da ya bar kayan sawarsa a filin jirgi don ya ɗauki maganin uwar wani, ya yi wata guda a Damagaram da riga biyu. Da labari ya bazu cewa a wannan karon jirgin ruwa gare shi, ba awon kilo, sai jama'a suka buɗe ɗakunan ajiyarsu. Mijin Hajiya Rékia ne ya fara, ya biyo jirgin ƙasa daga Paris da keken ɗinki. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya ce a ransa kuskure aka yi, zai aika ta wata hanya. Kafin ya samo hanyar an kawo firigon nan, da katifa biyu, da tayoyi huɗu, da sabulu katan shida, da keken guragu na wata tsohuwa a Mirriya, da kwanon tauraron ɗan'adam, da ƙofar mota ta hagu, ita kaɗai. Jakunkuna kuwa na daina ƙidaya a ashirin da bakwai. Kowa in ya ajiye sai ya yi mana addu'a mai tsawo, Malam yana amsawa da amin, yana zufa.

Makon jiya kuma Baba Abdulsalami ya zo. Tsoho ne a unguwarmu, shekara goma sha tara bai je gida ba saboda tsoron jirgin sama. Ya zauna kan tayoyin, ya ce ba shi da saƙo, shi ne saƙon. Ya ce ba ya cin abinci da yawa, kuma zai iya kwana ko'ina. Ya riga ya fara bin gidaje yana sallama, har an ba shi turare ya kai wa ƙanwarsa.

Malam bai san daga bakina abin ya fito ba. Ya ɗauka surutunsa na jirgi a ƙofar masallaci ne ya jawo, kansa yake zargi. Ranar Asabar na dawo daga kasuwa na tarar ya kwance igiyoyin gidan duka, ya naɗe su ya sa a bayan kabad. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Dama abin yara ne." Ya daina zuwa iyo. Ya ce zai mayar da takardar tafiyar, ya nemi kwantena ya raka kayan mutane har Damagaram, don ba zai fara mayar da saƙo da tsufansa ba. Masu shirya tafiyar suna jiran amsarmu ta ƙarshe ran ashirin ga wata.

Hajiya, in na faɗa masa, yaya zai dube ni? In na faɗa wa jama'a, da wace fuska zan sake shiga Château Rouge? In kuma na yi shiru, na kashe masa abu ɗaya da ya taɓa so. Kuma ki gaya mini tsakani da Allah, ba abin kunya ba ne mutane irinmu su yi tafiyar da ba ta zuwa ko'ina?

Taki cikin damuwa,
Wadda bakinta ya ja mata, Rillieux

*

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu. Karon farko na yi dariya har na sauke gilashina, musamman wajen ƙofar mota. Karo na biyu ban yi dariya ba.

Bari in fara da masu saƙo, don kada ki riƙe su a zuciya. Ba su yi laifi ba. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san wahalar aika ko da allura gida, kuma wanda ya kawo keken guragu ba son banza ya kawo shi ba. An ce musu akwai jirgi, akwai mutum mai amana, suka yi abin da ke ma za ki yi. Ita ma kunyar da ta kama ki a shago na san ta, kowace mace a cikinmu ta taɓa gyara magana don kada a yi da ita. Amma in sha Allahun nan da kika faɗa ƙarya ce, ki kira ta da sunanta. Kuma yanzu wani ne ke biyan kuɗinta, shi da bai ji ba bai gani ba.

Saboda haka ki gaya wa Malam yau, kada ki jira ya ci ya ƙoshi, kada ki jira Halimatou ta zo ta tsaya miki. Ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, har da maganar waƙar banɗaki, don na tabbata bai san kin ji ba. Zai yi fushi, kuma yana da hakki. Ki bar shi ya yi. Mutumin da ya yi wata biyu yana zargin kansa zai fi samun sauƙi da gaskiya a kan lallashi.

Daga nan ku tafi wurin Baba Abdulsalami, ku biyu, da ƙafarku, kafin ya gama sallama da Lyon gaba ɗaya. Wannan shi ne mai nauyin, kada ki yi shi ta waya. Ke za ki yi magana, ki nemi gafararsa. Tunda har ya ɗaura niyyar ganin gida, kada ku bar niyyar ta mutu: a kai shi wajen likita a yi maganar tsoron nan, a samo wanda zai tafi hutun Agusta ya zauna kusa da shi a jirgi ya riƙe masa hannu.

Kayan kuwa ba su kai yadda kike tsoro ba. 'Yan kasuwarmu suna haɗa kwantena kusan kowane wata, Hajiya Rékia ta fi ni sanin masu yi. Ki kira masu kaya ɗaya bayan ɗaya, wanda ke so a haɗa da nasa ya shiga, wanda ba ya so ya zo ya ɗauka. Keken guragu kada ya jira kwantena, a ba matafiyi na farko. In Malam ya ga sunansa ba zai tsira ba sai ya taɓa kayan, ya raka su har wurin lodi, ya tsaya a rufe a gabansa. Bai mayar da saƙon kowa ba ke nan, kuma bai je Kotonu ba.

Abin da za ki gaya wa mutane gajere ne: yawo za mu, ni da mijina, kuma kunya ce ta sa na ɓoye. Kada ki yi masa ado, kada ki ce likita ne ya rubuta masa iskar teku. Za a yi da ke, mako biyu ko uku, sai a samu wata a koma kanta. Ki aika wa masu tafiyar amsa tun kafin ranar ta zo, ki sanar da su irin abincin da kuke ci, ki nemi maganin jiri a kantin magani, kuma ki sa wando a ƙarƙashin zane, don iskar teku ba ta san girman kowa ba.

Kin tambaye ni tsakani da Allah ko abin kunya ne, zan ba ki amsa da abin da ban taɓa rubutawa a filin nan ba. Mijina ya tuƙa taksi a Paris shekara ashirin da tara. Da ya ajiye aiki ya ce abu ɗaya yake so, mu je duwatsun Alpes ya taka ƙanƙara a inda take da tsabta, ba wadda mota ta markaɗe ba. Har takalman ya saya mana. Na ce me mutane za su ce, tsofai-tsofai da mu muna wasa a ƙanƙara, a bari sai baɗi. Ya ce to. Baɗin ya zo ya same shi a gadon asibiti, rabin jikinsa ba ya motsi, a 2007 muka binne shi. Daga cikin matan da na ji kunyarsu, babu ko ɗaya da ta san an taɓa yin wannan magana a gidana. Ni kaɗai na sani, kuma kullum ina sane.

Ki tashi ki je ki same shi, 'yar'uwa. Allah ya sanyaya zuciyarsa a kanki, ya ba ku iska mai kyau, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Hajiya Fatsima