Na Ba Baffa Babbar Ƙwaya

Zuwa ga Malama Husna,

Ki taimake ni, kuma masu karatu su faɗa min: a wane gida ne ake ba yaro cinya, a miƙa wa dattijo fiffike?

Ni makanike ne, ina gyaran manyan motocin siminti a Malbaza, shekarata talatin da ɗaya. Baffana Hashimu, wanda ya riƙe ni, yana da saba'in da huɗu, kuma har bana da hannunsa ya nome gonarsa ta gero a Tsarnawa. Mutum ne da ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Bayan ciwon zuciya ya ɗauke mahaifina, aka auna jininmu ni da Baffa, aka ce maiƙo ya yi yawa, wai abin na gado ne. Likita ya rubuta mana magani iri ɗaya, nawa mai lamba arba'in, na Baffa mai lamba goma. Ko ɗaga kai bai yi ya yi mana bayani ba.

Ban yi nisa a lakwal ba, wato boko, amma ina karanta takardar cikin kwali. Arba'in ta fi goma. Sai na ce a raina, wato an ga tsoho, an ce ya kusa tafiya, ba sai an wahala ba. Na musanya. Na ce wa Baffa haka likita ya gyara, ya karɓa ya sa min albarka.

Wata biyu ke nan. Mun sake awo: nasa ya sauka ƙwarai, nawa ko gezau, har likita na maganar ƙara min. Ban faɗa masa gaskiya ba. Shi kuwa Baffa cinyoyinsa sun riƙe. Ga kaka ta zo, na gan shi yana yankan gero a durƙushe, ya ce min tsufa ne, kar in damu. Ni na san ba tsufa ba ne.

Ina so likita ko ɗaya ya fito a wannan fili ya amsa: don me ake rage wa tsofaffi?

Makanike, Malbaza

AMSA

Ɗana Makanike,

Kar Baffa ya sake shan mai arba'in. Ka kai shi wurin likita a yau, da kwalayen biyu a hannu, ka faɗi abin da ka yi ba ragi. In fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko ya kasa miƙewa, ko awa ɗaya kar ka jira.

Na kai tambayarka ga wata likitar zuciya, ga amsarta a fili. Jikin dattijo ba ya saurin fitar da magani, yana daɗewa yana aiki a cikinsa. Shi ya sa sau da yawa ƙaramin awo ke sauke masa maiƙo fiye da yadda zai sauke wa matashi, babba kuma yakan taɓa masa naman jiki. Kai da ke da na gado da ƙuruciya, kai ne mai bukatar babbar. Kai ma wata biyu kana zaune da ƙarancin kariya.

Ka yi gaskiya wuri ɗaya: ya kamata likita ya yi muku bayani, kuma haƙƙinka ne ka tsaya ka tambaya. Amma lambar da ya rubuta ba raini ba ce, kula ce.

Kunyar da ta hana ka cin babban rabo gaban Baffa, tarbiyyarsa ce, na kuma yaba. Saura ka zauna gabansa ka gaya masa da bakinka, don ya daina ɗora wa tsufa laifi. Sa'annan ka karɓi yankan geron bana.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya bar maka shi.

Malama Husna