Ƙorafi Kan Kulle Ajina Saboda Kawunnan Sarkin Ingila

Malam Bunyaminu Arzika,
Tsohon malamin tarihi mai ritaya,
Tungar Muhsin, kusa da Kurgu.
19 ga Fabrairu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma
Jami'in Kula da Ilimin Manya,
Yankin Bagudo, Jihar Kebbi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KULLE AJIN TARIHI NA CIBIYAR HASKEN YAMMA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da abin da ya faru tsakanina da kwamitin cibiyar da aka ambata a sama, inda nake koyarwa kyauta duk ranar Alhamis bayan la'asar. Ɗalibaina bakwai ne, galibinsu malaman firamare masu karatun digiri daga gida, kuma tarihin Turai yana cikin jarrabawar da za su zauna a watan Afrilu.

1. Ranar Alhamis, 18 ga Janairu, na koyar da abin da ya biyo bayan mutuwar Sarkin Ingila Henry na Takwas a shekarar 1547. Ya bar magaji ɗan shekara tara. Yaron yana da kawunnai biyu daga gidan Seymour, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban, wanda ake kira Somerset, ya riƙe yaron da ƙasar. Ƙaramin, Thomas, ya ga ba a raba da shi ba, sai ya shiga jawo yaron a jiki ta bayan fage. An ruwaito cewa an kama shi yana neman kutsawa ɗakin yaron, har ya harbe karen yaron. A 1549 aka sare kansa da amincewar wansa. A 1552 shi ma wan aka sare nasa, gidan Dudley suka gaje wurin. Iyakar darasin ke nan. Ban ƙara gishiri ba.

2. Kafin sallar Juma'a labari ya zaga gari cewa habaici na yi. Ranka ya daɗe, akwai wani maraya a garinmu, ɗan marigayi Alhaji Hassan, wanda baffanninsa biyu, Alhaji Muktar da ƙanensa Alhaji Zayyanu, suke ja-in-ja kan riƙonsa da riƙon fadamar shinkafar da ubansa ya bari. Na sani, kamar yadda kowa ya sani. Abin da ban sani ba shi ne karen gidan marigayin ya mutu a cikin kaka, kuma ana raɗe-raɗin wanda ya ba shi guba. Ni ba na zama majalisa.

3. Ranar Litinin, 22 ga wata, kwamitin cibiya ya kira ni. Alhaji Muktar ne shugabansa. Ya ce na kira shi mai kashe ɗan'uwansa. Alhaji Zayyanu, wanda ya zo ba a gayyace shi ba, ya ce na kira shi mai kashe kare. Shekara biyu ke nan ba su haɗu kan magana ɗaya ba sai a kaina. Na bayyana musu cewa waɗancan mutane sun kusa shekara ɗari biyar a ƙasa, ba su taɓa jin sunan Kebbi ba, kuma su dangin uwa ne, ba na uba ba. Na kai littafin, na buɗe shafin. Aka ce ai gwanin habaici ba ya rasa littafi.

4. Kwamiti ya gindaya sharaɗi: in koma gaban ɗalibai in ce musu 'yan'uwan nan biyu sun shirya daga baya, dattawa sun shiga tsakani, an yi musabaha, kowa ya tsufa a gidansa. Na nemi afuwa, na ce ba ni da ikon mayar wa mutum kansa bayan an cire. Aka rubuta a bayanin taro cewa na yi taurin kai.

5. Ranar Alhamis, 25 ga wata, na tarar da kwaɗo a ƙofar ajin. Babu takarda, babu sanarwa. Ɗalibai biyu sun gaishe ni daga nesa suka juya, domin suna noma a fadamar da ake magana. Ban ga laifinsu ba.

6. Wannan sashe ba hujja ba ce, amma ina roƙon a karanta. Shekara talatin da ɗaya ina ba mutum ɗaya wannan labari, wato matata Rabi, Allah ya jiƙanta. Ba ta yi boko ba. Fataucin atamfa take yi zuwa kasuwannin Benin, kuma in tana ɗaure kaya ni nake karantawa ina fassara mata. Ta san manyan gidajen fadar Ingila, gidan Howard da na Seymour da na Dudley, kamar maƙwabta, ta san wanda ya tura ɗiyarsa fada don ya sami muƙami, da wanda ya yi shaida a kan jininsa don ya tsira. Hukuncinta a kansu duka ɗaya ne: manyan riguna, ba babba a gida. Ba ta taɓa zaton da wani nake ba. Ta rasu a watan Yunin 2022. Bayan arba'in na lura ina wuni ban ji muryata ba sai a salla, shi ya sa na nemi wannan aji. Ba na cewa ina jin daɗinsa. Ban cika jin daɗin komai ba yanzu, haka nan ban cika jin zafi ba. Amma awa biyu a mako ina magana, wasu suna rubutawa.

7. Har yau babu wanda ya tambayi ɗaliban abin da suka ji da kunnensu.

Saboda haka ina roƙon ofishinka mai daraja:

Na farko, a aiko wanda zai duba littafin da abin da ɗalibai suka rubuta ranar 18 ga Janairu, ya gani ko sunan wani mai rai ya fito a ciki.

Na biyu, a umarci kwamiti ya cire kwaɗon kafin azumi, domin saura mulkin sarauniya biyu ban koyar ba. Ina sanar da ofishinka tun yanzu cewa su ma 'yan'uwa ne, 'yan uba, kuma ɗayar ta taɓa tsare ɗayar. Idan akwai gidan da wannan zai taɓa a garinmu, a sanar da ni, in ba su haƙuri tun kafin in fara.

Na uku, idan an ga maslaha ita ce ajin ya zauna a kulle, ba zan ɗaukaka ƙara ba. A dai rubuto mini a takarda mai hatimi. Alhamis huɗu ke nan ina wanka, in sa riga, in ɗauki littafi, in je in tsaya a gaban ƙofar har a kira magariba, domin ba wanda ya ce mini in daina zuwa. Ina buƙatar wani mai iko ya faɗa mini.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci. Na gode da lokacin da aka ɓata a kaina.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Bunyaminu Arzika