Minti Arba'in da Cokalin Baba

Litinin, 1 ga Satumba

Baba ya yi barci ƙarfe biyu da minti goma na rana. Na sa abin sauraro a kunne ɗaya, ɗaya kunnen na bar wa cokali. Minti arba'in da ɗaya na samu kafin ya fara buga ƙarfen gado. Ruwa yake so. Da na kawo ruwan kuma ya kau da kai.

Wata takwas ke nan tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Ni da hannuna na ba shi cokalin don ya riƙa kirana, yanzu ko wanka nake sai in ji kamar ana bugawa. Keken ɗinkina ya koma teburin magani. Shago kuwa ban san ko ƙofarsa za ta gane ni ba.

Fim ɗin yau na 'yan fashin banki ne. Na rubuta a Zauren 'Yan Kallo, dandalinmu na hirar fim a waya, cewa jarumin bai iya tafiyar masu kuɗi ba, kuma kwat ɗin da aka rataya masa ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Biyar cikin goma. Injiniya, ɗaya daga cikin 'yan zauren, ya yi tsalle ya dire, wai ban fahimci ƙarshen ba. Gaskiyarsa ce. Ban ga ƙarshen ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Bari in rubuta a nan tunda ba mai gani.

Mu tara ne a zauren nan na waya, kuma Alƙaliya suke ce mini. In na ce fim ya yi, ya yi. Dokar farko ta zauren ni na tsara ta, lokacin da nake da shago da sukuni da bakin magana: kada kowa ya yanke wa fim hukunci, ko ya ce wani ya kalla, sai ya gan shi har rubutun ƙarshe ya hau. A kan dokar nan na sa aka dakatar da Ɗan Tasi mako guda bara, don ya yi barci a tsakiyar fim ya zo yana zuba.

Yau na ƙirga. Fim talatin da huɗu ne a wayata, kowanne a tsaye wajen minti arba'in, iyakar barcin Baba. Washegari in na ce zan ƙarasa, sai in tarar zaure ya wuce zuwa wani, sai in bi su. Na iya bakina: in yi maganar sutura, da haske, da yadda jaruma ke riƙe kofi. Ba wanda ya taɓa kama ni.

Ba su san da Baba ba. Can ne kaɗai wurin da ba ni ce mai canza zanin gado ba, kuma ba na son a fara yi mini sannu.

Alhamis, 4 ga Satumba

Yaya ya turo murya: «Sannu da ƙoƙari, ƙanwata, Allah ya ba da lada.» Daƙiƙa goma sha ɗaya. Ko fim ɗin da ya fi kowanne lalacewa ya fi haka tsawo.

Asabar, 6 ga Satumba

Malama ta dawo zaure. Wata shida ba ta ce uffan ba, tun rasuwar mijinta. Ya daɗe yana jinya, ita ta yi ta fama da shi har ƙarshe. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, ta kawo mini ɗinki shago, doguwa mai magana a hankali, irin malaman lissafin da ba sa buƙatar bulala.

Ta rubuta: «Ku ba ni fim mai sanyi. Wanda ba asibiti, ba mutuwa. Ina so in gwada ko zan iya dariya.»

Kowa ya jefo nasa. Injiniya har da na yaƙi, wai ai mugaye ne kawai suka mutu. Uwar Biyu ta kawo na yara. Sai Malama ta ce, «Ina jiran Alƙaliya.»

Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Na ba ta na miji da matar nan da suka sayi tsohuwar bas suka mayar da ita shagon littattafai, mijin bai iya baya da mota ba, duk garin da suka shiga sai matar ta sauka tana ba shi hannu. Na sha dariya a kansa watan jiya har Baba ya farka. Na ce mata, «Wannan magani ne, ki sha ki ba ni labari.» Ba wani a zauren da ya taɓa ganinsa, sai suka ce su ma za su nema.

Lahadi, 7 ga Satumba

Baba bai rintsa ba yau. Na juya shi sau shida, bayana kamar zai tsinke. Ta taga na ga maƙwabciya ta fita da jaka, ta dawo, ta sake fita. Haka kawai na ji haushinta, baiwar Allah ba ta yi mini komai ba.

Talata, 9 ga Satumba

Malama ta fita daga zaure. Ba sallama.

Da hantsi Mai Magani, shugabanmu, ya rubuto mini ni kaɗai: «Alƙaliya, kin tuna yadda fim ɗin bas ɗin nan ya ƙare?» Kafin in nemo amsa ya ci gaba. Wai daga tsakiya mijin ya kwanta ciwo, rabin fim ɗin duk a gadon asibiti ne, a ƙarshe matar ita kaɗai ta tuƙa bas ɗin ta tafi.

Sai na tuna mijin ya yi tari wajen minti na talatin. Ni da nake koya wa mutane cewa a fim ba a tari a banza.

Nan ya kamata in faɗi gaskiya. Abin da na rubuta shi ne: «Na sani. Na ga kamar tana buƙatar ta yi kuka ne.»

Ban san daga ina ƙaryar ta fito ba. Na tura, sannan na je na wanke kwanon da na riga na wanke.

Laraba, 10 ga Satumba

Mai Magani ya kai maganata zaure don ya wanke ni, sai ya ƙara dulmiya ni. Injiniya ya ce wannan mugunta ce, mace ta roƙi ruwan sanyi an miƙa mata tafasasshe. Uwar Biyu ta tare mini, wai Alƙaliya ta fi mu hangen nesa, kukan zai yi mata amfani. Na Uwar Biyu ya fi yi mini ciwo.

In na yi shiru, ni muguwa ce. In na yi magana, ni maƙaryaciya ce mai dokar da ba ta bi, kuma na rasa zauren. In na rasa zauren me ya rage? Bango huɗu, da warin man zafi, da cokali.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na ƙarasa fim ɗin bas ɗin. Kwana uku ya ɗauke ni. Yau saura minti ashirin Baba ya farka, na ƙi tsayawa, na cire abin kunne na jingina wayar a kan keke inda shi ma zai gani.

Masu fim ba su san jinya ba. Zanin gadon fari tas daga farko har ƙarshe, matar kuma kullum gashinta a gyare. Amma akwai wuri ɗaya. Ta ce wa mijin za ta je sayo magani, sai ta shiga bas ɗin ta zauna a kujerar direba, ba ta kunna ba, ba ta yi kuka ba, ta zauna kawai tana kallon agogo har minti biyar suka cika, ta koma. Wanda ya rubuta wannan ya taɓa yi. Ni a bayan ƙofar kicin nake yin nawa.

Na yi kuka mai majina. Baba ya buga cokali sau ɗaya, a hankali. Na kawo ruwa, ya ƙi. Na gyara filo, ya ƙi. Kallona kawai yake da idon nan nasa mai lafiya. Ban san abin da yake nufi ba, kuma ba zan ƙirƙira masa ba.

Wannan na tura wa matar da ta binne mijinta wata shida da suka wuce, na ce mata magani ne.

Asabar, 13 ga Satumba

Na kira Malama. Sai a kira na uku ta ɗauka.

Na fara kame-kame, ta ce, «Faɗi abin da kika kira ki faɗa.» Na ce ban ga ƙarshen ba, minti arba'in na gani. Ta ce, «Ke? Mai doka?» Na ce ni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai: «Kwana biyar ina tambayar kaina me na yi miki. Na ɗauka kin zauna kin zaɓa mini shi ne.» Ta ce ta kalla har ƙarshe, don ta yi ta jiran inda zai koma abin dariya, tunda Alƙaliya ba ta kuskure.

Ana cikin haka cokali ya fara. Na yi kamar ban ji ba, ya ƙara ƙarfi. Ta ce, «Mene ne wannan?» Na ce ba komai. Ta ce, «Mu ƙararrawar keke muka ɗaura wa nawa. Tun yaushe?» Na ce wata takwas. «Ke da wa?» Na ce ni da ni.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce, «Je ki, yana kira,» ta kashe.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na rubuta a zaure. Duka: talatin da huɗun, da Baba, da ƙaryar da na yi wa Mai Magani. Na tura, na kife wayar a ƙarƙashin filo kamar za ta cije ni.

Da na buɗe, sannun da nake gudu ta zo, buhu-buhu. Injiniya ya ce dama ya san ba mai hankalin da zai ga ƙarshen fim ɗin bankin nan ya ba shi biyar. Ɗan Tasi ya ce Allah ya ba Baba lafiya, amma shi a dawo masa da makonsa na bara. Mai Magani ya ce doka doka ce, an dakatar da ni kwana bakwai. Ya cire ni da kansa, da ladabi.

Ban yi gardama ba. Ni na rubuta ta.

Laraba, 17 ga Satumba

Wayar shiru kamar ta mutu. Baba ya yi barci minti hamsin, na zauna ina kallon fanka. Ba wanda zan gaya wa ko rigar wani ta yi masa yawa.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na ce wa Yaya ya zo ya zauna da Baba ranar Asabar ko na awa biyu ne. Ya ce zai duba. Na san wannan dubawar.

Da yamma saƙon Malama, ba gaisuwa: «Kwatanta mini gidan.»

Asabar, 20 ga Satumba

Ta zo ƙarfe ɗaya da rabi. Ta rame. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta ce, «Baba, ya jiki?» kamar tana jiran amsa, shi kuma ya ɗaga mata cokali. Ta dubi yadda na jera filo ta ce na ƙasan ya yi tudu, ta gyara. Na ji haushi. Baba ya fi jin daɗi a hakan, na gani a fuskarsa, na ƙara jin haushi.

Ba mu yi maganar fim ɗin bas ba. Ashe Mai Magani ya ba ta labarin abin da na rubuta a zaure. Ta ce, «Cikin talatin da huɗun nan, wanne ya fi gajarta?» Na ce talatin da uku ne yanzu. Ta ce, «Na sani.» Muka zaɓi wani na masu dafa abinci a jirgin ruwa. Ta ce ta riga ta tambayi Mai Magani, ba wanda ya mutu, ko kifi. Ta ce daga farko za a fara, ba ta yarda da rabin da na gani ba.

Baba ya yi barci, muka zauna a ƙasa muka jingina da bango, wayar a kan keke, abin kunne ɗaya nata ɗaya nawa.

Wajen minti arba'in da uku cokali ya buga. Yatsana har ya kai kan wayar. Ta cire nata ta ajiye mini a cinya, ta ce, «Zauna. Na ga inda kofin yake.»

Na ji tana ba shi ruwa. Na ji ya sha, bai kau da kai ba, munafukin tsoho. Ya sake bugawa, ta ce, «Na'am, Baba, ga ni.»

Lahadi, 21 ga Satumba

Yaya bai zo ba jiya, yana nan yana dubawa.

An mayar da ni zaure da safe. Ɗan Tasi ya canza mini suna zuwa Minti Arba'in, kowa ya bi. Malama ba ta dawo zauren ba tukuna. Ta ce Asabar mai zuwa za ta leƙo gida in ta samu hali, kuma kada in ɗauka an gama magana. Ban ɗauka ba.

Na rubuta musu hukuncin fim ɗin jirgin ruwa. Ba wani abin a zo a gani ba ne, ƙarshen ma an ja shi da yawa, shida cikin goma. Injiniya ya ce, «Kin tabbata kin gani?» Na ce masa sunan mai ɗinkin kayan fim ɗin shi ne na uku daga ƙasa, ya je ya duba.

Rubutun ƙarshe yana da tsawo, na manta. Ban tsayar ba har allon ya yi baƙi. Ina jin muryarta a bayana tana gaya wa Baba wani abu game da ɗalibanta, ni kuma ina zaune, bayana a jikin bango, ba abin da ke hannuna.

Yau da cokali ya buga na tashi kamar kullum. Sai dai na lura ban yi tsaki ba. Wataƙila gajiya ce.