Na rantse wa 'yar Mama Marta a kan ƙarya

Assalamu alaikum mai kula da shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a kai ƙarshe kafin a zage ni, don ni ma ban ƙyale kaina ba.

Ni 'yar Maraɗi ce, karatu ya kawo ni ƙasar waje, garin Saint-Denis. Ina hayar ɗaki a Stains da ke maƙwabtaka da shi, gidan wata tsohuwa 'yar Kwango, bari in ce da ita Mama Marta. Kirista ce 'yar ɗarikar Menonit, kuma su ba sa rantsuwa ko a gaban alƙali, e ɗinka e, a'a ɗinka a'a. Ni kuwa ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai na haɗa da wallahi. Takan ja kunnena tana dariya, ta ce, "'Yata, bar sunan Allah ya huta mana." Da azumi ita ke ajiye mini abin buɗa-baki in metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya makarar da ni. Ina son matar nan har cikin raina.

Ciwon daji ya kama ta. Da ta sha wuyar maganin asibiti sai ta ce ya isa haka, ta bar wa Ubangijinta. 'Yarta ɗaya ce tak, Esta, tana aure can nesa a garin Lyon da tsohon ciki, likita ya hana ta motsi saboda ta sha ɓari. Mama ta ce kada Esta ta san ta daina magani sai ta sauka. To amma ita ba ta ƙarya, wa zai yi ke nan? Duk ranar da Esta ta tambayi jiki a waya, sai Mama ta ce, "Ga ƙanwarki," ta miƙo mini. Ni kuma baki ya saba: da sauƙi, ta ci abinci, yau har ta leƙa kasuwa.

Rannan Esta ta ritsa ni. Ta ce, "Na san uwata, ba ta ƙarya amma ta iya shiru. Ke Musulma ce, na san nauyin rantsuwa a wurinku. Rantse mini tana shan magani." Mama na kwance ta zuba mini ido. Jama'a, na rantse. Na ce wallahi tana sha.

Ina ajiye wayar na fashe da kuka, na ce, "Mama, kin tsare bakinki kin ɓata nawa. Haka ake yi?" Ta kama hannuna ta ce, "Na sani. Ina roƙa mana gafara, ni da ke." Na ji haushinta, na kuma ji kunyar jin haushin mai jinya. Tun ranar karatu ya ƙi shiga, in na ta da salla sai muryar Esta ta faɗo mini. Wace irin kaffara ce za ta wanke wannan?

Shekaranjiya likita ya ce a kira dangi, lokaci ya ƙure. Mama har yanzu tana kan bakanta. In na faɗa, Esta za ta hau jirgin ƙasa da cikin nan, in wani abu ya same shi ni ce sila. In na yi shiru, sai dai ta zo ta ga kabari. Yau da safe kuma ta turo mini saƙon murya tana dariya, wai sun yi shawara da mijinta, in mace ce sunana za su sa mata, saboda amanar da na riƙe musu.

Ban amsa ba har yanzu. Me zan yi?